Ruwan Jakar Malam Tanko

Ku da kuka sauka makon jiya, na ga kuna kallon jakata kuna ƙunshe dariya. Ku sake ta kawai, waɗanda suka riga ku zuwa sun yi tasu har sun gaji. Sunana Haladu, amma a kamfanin nan ko mutumin Nepal ka tambaya Baba Mai Jaka, zai nuna maka ni. Shekarata tara ina gadi a Doha. Kafin nan na yi ashirin da biyu ina tsaron gandun daji a gida, da bindiga a kafaɗa. Tun da ɗayanku ya ji haka yake bina da tambaya, wai wace bindiga ce ta fi kyau. Wani kuma na ji shi jiya yana gaya wa mutanen gida a waya cewa gadin nan zaman kujera ne cikin sanyin esi. To, yau Juma'a, an ci an ƙoshi, motar diyuti kuma sai ƙarfe huɗu. Zan amsa muku duka biyun. Sai dai amsar ta biyo ta kan wani mutum da uwarsa ta damƙa mini, ta ce in mayar mata da shi da ransa.

Ranar da na kama aiki a gandun daji, wanda aka haɗa ni da shi Malam Tanko ne, wani gajeren mutum mai cin goro, wanda in ya yi maka magana biyar a wuni to ya yi surutu. Ya kai ni sito aka buɗe mana. Bindigogi biyar ne jingine da bango, duk irin tsofaffin nan da ake ja wa sakata bayan kowane harbi. Ya ce in zaɓa. Hannuna ya tafi kai tsaye kan wadda katakonta ya fi sheƙi. Ya karɓa, ya tabbatar ba komai a cikinta, ya zare sakatar, ya ɗaga bututun ya saiti rana, ya ce in leƙa. Na leƙa. Tsatsa ta yi wa cikin ramuka tun daga sama har ƙasa.

"Ka gani?"

"Na gani, Malam."

"Wannan ta ɗaukar hoto ce."

Ya miƙa hannu ya ɗauko wata mai tsagaggen gindi da aka ɗaure da waya. Wallahi ko kyauta aka ba ni ita ranar sai na yi tunani. Cikinta kuwa tas. Ya sa ni na ja sakatar na mayar sau ashirin idona a rufe, wai in ji ko tana cije wa. Ya ɗana ta ba harsashi, ya buga gindinta da ƙasa da ƙarfi har sau uku, don a ga ko za ta tashi ba a taɓa kunamarta ba. Ba ta tashi ba. Ya juya ya tambayi mai sito ko harsashinta yana yankewa, mai sito ya ce bai taɓa ba. Sannan muka fita bayan ofis, ya jefar da ita cikin yashi, ya ture ta da ƙafa, ya ɗauka ya karkaɗe, ya hure bakin, ya leƙa ya ga ba abin da ya toshe, ya kafa gwangwanin madara a kan kututture, ya ƙirga taku ɗari. Harbi uku, rami uku. Na ce shi ke nan an gama. Ya ce saura ɗaya, in rataya ta mu yi tafiyar wuni, in har la'asar ban fara zaginta a zuciya ba, to tawa ce.

Amsar tambayarku ta farko ke nan. Wadda za ta tashi bayan ta faɗi, wadda ba za ta tashi ba sai ka ce ta tashi, wadda ake samun harsashinta, kuma wadda kafaɗarka za ta iya. Kafil ɗinmu ma, wato Balaraben da ya ɗauki nauyin bizarmu, da ya ji tarihina ya taɓa kirana majalisi, ɗakin da yake karɓar baƙi, ya nuna mini wata da ya saya da lasisinsa, an yi mata zanen zinariya har gindi. Ya ce yaya na gan ta. Na ce ta taɓa faɗuwa a yashi? Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ya taɓa jefar da ɗansa. Na ce to ban san ta ba tukuna. Bai sake kirana ba.

Abin da ba ku tambaya ba shi ne sau nawa na harba ta. Shekara goma sha ɗaya ina bin bayan Malam Tanko, harbin aiki bakwai na yi, huɗu daga ciki sama na saita. Jaka kuwa kullum sai an buɗe ta. Kowace safiya bayan sallar asuba sai mu juye kayan a tabarma, ka taɓa kowane abu da hannunka, sannan ka mayar. Igiya, wuƙa, ashana a cikin gwangwani an liƙe bakin da kyandir, gishiri da sukari a ƙulle daban-daban, bandeji, farin tsumma wankakke, ɗan madubi na haska wa na nesa, usur, allura da zare, ƙuli-ƙuli da dabino. In ka ce ai jiya ka duba, sai ya ce jiya ma ka ci abinci. Sai ruwa. Gora biyu kowa ke ɗauka, ɗaya a ƙugu, shi ne ruwan hanya, ka sha yadda kake so. Ɗaya kuma a can ƙasan jaka.

"Ruwan jaka ba naka ba ne," in ji shi. "Na wanda bai riga ya faɗi ba ne. Ba a sha don ƙishi, ba a wanke ido, ba a alwala."

Na ce, "Har alwala, Malam?"

Ya ce, "Allah ya san daji, shi ya sa ya ba mu taimama."

Kada ku ɗauke ni malami, wanda ke son hukuncin dalla-dalla ya tambayi masu ilmi. Ni yadda aka koya mini aiki nake gaya muku.

Shekarar da abin ya faru, damina ta ɗauke da wuri. Kafin bazara ta raba, tafkunan da muka sani duk sun zama busasshen taɓo, namun daji suka taru a ɗan abin da ya rage, masu satar farauta kuma suka bi su da tarkon waya. A shekarar ne aka kawo mana sababbin bindigogi shida masu sarrafa kansu. Na yi rawar jiki na karɓi ɗaya, na mayar da mai tsagaggen gindi sito ko sallama ban yi mata ba. Ba laifin sabuwar ba ne, ku ji da kyau. Ni ne kullum nake malala mata mai don ta yi ƙyalli. Malam Tanko ya duba sau ɗaya ya ce mai da ƙura in sun haɗu kunu suke yi. Na ce to. Shi bai canja tasa ba.

Mu uku muka fita sintirin kwana uku a ƙafa, ni da shi da wani Audu. Rana ta biyu da azahar muka tsaya gindin wata kanya. Ruwan ƙuguna ya ƙare tun hantsi, don sabuwar da gidajen harsashinta nauyi gare su, na yi ta gumi ina sha. Hannuna duk baƙin mai, na ji ba na son in tsaya gaban Ubangiji a haka. A gabanmu kuma akwai wani gulbi da ba mu taɓa samunsa a bushe ba, tafiyar awa ɗaya. Na zagaya bayan kanyar, na zaro gorar jaka, na yi alwala mai kyau, sau uku-uku, har da tsefe gemu. Ɗan abin da ya rage na kurɓe. Su biyun suka yi taimama, ba wanda ya ga abin da na yi.

Muka isa gulbi muka tarar da shi a tsage. A gefensa kuma, cikin duhuwa, akwai wata ɓauna da tarkon waya ya ci mata ƙafa ya kwana biyu yana ruɓewa. Ɓauna mai ciwo ba ta yin gargaɗi. Ni ne a gaba, ni ta fara gani. Na ɗaga sabuwa na ja kunama, ta ce ƙas. Na sake ja, ko ƙas ɗin ban samu ba. Malam Tanko ya ture ni gefe ya harba. Ya same ta, amma ta riga ta taho da nauyinta, ta ɗauke shi a cinya ta maka da ƙasa. Harbi na biyu a kwance ya yi shi, shi ya kashe ta.

Shi ya riƙa gaya mini abin da zan yi, muryarsa kamar mai ba da saƙon cefane. In ɗauko igiya in ɗaure sama da ciwon, in sa sanda in murɗa, in danna tsumma. Audu ya miƙa masa ɗan abin da ya rage a ƙugunsa, ya ruga neman mota da gorar jakarsa, don tafiyar awa huɗu ce a cikin rana kuma in ya faɗi a hanya mun mutu mu duka. Gorunan Malam kuwa ɓauna ta taka su sun fashe. Bayan kamar awa ɗaya leɓensa ya bushe, ya ce, "Haladu, miƙo ruwan jakarka."

Na dafa jakar ban buɗe ba.

"Haladu."

Na ce, "Malam, na yi alwala da shi."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "To. Allah ya karɓi sallar."

Bai ƙara roƙon ruwa ba, bai kuma ƙara yi mini maganar ba. Ya cika kafin rana ta faɗi, motar ta iso bayansa. Likita ya ce jini ne ya ƙare, ko rijiya ce a gefensa ba abin da za ta canja. Na ji, na kuma yarda da shi. Amma abin da mutumin ya roƙe ni ruwa ne.

Bindigarsa ta gwamnati ce, an mayar sito an rubuta lamba. Ni aka ba jakarsa in kai wa matarsa, Inna Rabi. Ta tambaye ni yadda aka yi, na gaya mata komai har alwalar. Audu ya ce ni wawa ne, wa ya aike ni. Ba ta zage ni ba, ba ta yi mini Allah ya isa ba. Kun dai san ko maƙiyinka ya yi sallama a gidanka sai an kawo masa ruwa kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi. To, daga ranar, duk sallah ƙarama da babba sai na je gaishe ta, za a shimfiɗa mini tabarma, za ta amsa gaisuwa, za ta tambayi iyali. Ruwa ne dai ba a kawo mini. Har abinci an sha zubo mini, in ci in tashi in nemi ruwa a waje. Ni ban taɓa tambaya ba, ita ba ta taɓa mantawa ba.

Na koma sito na karɓi mai tsagaggen gindi, na ƙara shekara goma sha ɗaya da ita, har aka rage ma'aikata aka haɗa da ni. Wani Alhaji Sule, mutumin garinmu da ya daɗe yana tuƙi a nan, shi ya tsaya mini na samu biza. Ranar da aka tantance mu, mudir, wato manaja, ya tambaye ni ta bakin tafinta ko na san makami. Na ce shekara ashirin da biyu. Ya gyaɗa kai, ya rubuta, aka ba ni hula da tocila da usur da oba-oba. Aikina na farko a wani babban kanti ne a Gharrafa, inda nake nuna wa mutane hanyar bayi ina kuma raba masu faɗa a kan wurin ajiye mota. Daga baya aka mayar da ni gonar kafil a Umm Salal, inda za a kai wasunku yau.

Na shekara huɗu a nan na je hutu, sai na tarar da Sabi'u, babban ɗan Malam Tanko, yana zaman banza da mata da 'ya'ya biyu, ɗinkin da yake yi ya mutu. Shi ya roƙe ni in nema masa hanya, na nema aka dace. Ranar da za mu taho na je sallama. Inna Rabi ta shiga ɗaki ta fito da jakar nan da kuke wa dariya, ta aje a gabana.

Ta ce, "Haladu, ubansa ka tafi da shi ka dawo mini da wannan. Ga ta nan, ba ta yi mini amfanin komai ba. Wannan karon ba jaka nake so ba."

Na ce, "Na ji, Inna."

Tun daga nan nake goye da ita. Kayan ciki sun ɗan canja. Babu ashana, wa zai hura wuta a nan. Akwai ƙullin gishiri da sukari na kemis, akwai batirin ko-ta-kwana na oba-oba, akwai almakashi, sai manyan gorunan ruwa huɗu waɗanda ba a fasa bakinsu ba. Sufabaiza ya yi mini magana sau biyu wai tana ɓata yunifom. Na ce to, na ci gaba da ɗauka. Na haɗa wa Sabi'u tasa ƙarama da gora biyu, na gaya masa dokar ubansa kalma da kalma. Ya ce, "Kawu, nan fa Doha ce, ko a masallaci ruwan sanyi kyauta ne." Na ce haka ne.

Abin ya faru ne a lokacin zafi na biyu da Sabi'u ya yi a nan, cikin watan Agusta. Ku ba ku ga Agusta ba tukuna. Ka fito daga ɗaki tabarau ɗinka ya yi hazo, iskar ta kama ka kamar an jiƙa bargo da ruwan zafi an rufa maka. Kafil ya sayi wani sabon fili can bayan gona, tafiyar minti ashirin a mota ta cikin yashi, aka jibge kayan shinge, aka aje kwantena ɗaya mai esi da janareta. Waya ba ta kamawa a wurin sai oba-oba. Sabi'u aka sa diyutin rana shi kaɗai, ni kuma ina babban get, muna kiran juna duk awa.

Ranar da safe injin jan ruwan gona ya ƙone, famfuna suka bushe. Aka ce tanka za ta zo bayan la'asar. Ruwan sha da ke cikin kula ya yi ƙasa, kowa na lallaɓa nasa. Mu biyar ne a get lokacin azahar, har da Alhaji Sule da ya kawo abinci a a-kori-kura. Shi ne babbanmu, shi ke ja mana sallah. Ya murɗa famfo, ya ji iska, ya juyo.

"Haladu, miƙo mini gora ɗaya in yi alwala. In tanka ta zo a mayar maka."

"Alhaji, ka yi haƙuri."

"Haƙurin me?"

"Ba na alwala ba ne."

"Ruwa ne ko fetur?"

"Ruwa ne, Alhaji. Ga ƙasa nan, in akwai abin da Allah ya wadata garin nan da shi bayan gas, to ita ce."

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Alhaji ya cire hularsa ya mayar. Ya ce shi ya tsaya mini na shigo ƙasar nan, yau shi nake hana wa ruwan sallah a gaban mutane, ina goye da gora huɗu kamar mai jego. Ya ce ya ga marowata a duniya amma bai taɓa ganin mai yi wa alwala rowa ba. Wallahi na ji kunya, har kunnuwana suka yi zafi. Hana dattijo ruwa ba abin da aka haife mu da shi ba ne, da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Na dai sunkuyar da kai ban buɗe jakar ba. Ya tsuguna ya bugi ƙasa da tafin hannu, bugun da na san ba ƙasar yake nufi ba. Ya ja mu sallah da gajerun surori.

Da muka sallame na ɗauki oba-oba na kira Sabi'u. Shiru. Kiran da na yi masa ƙarfe sha biyu kuwa ya amsa, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce lafiya lau. Na sake kira sau uku. Na tashi na je wurin mutumin da na gama kunyatawa na ce ya taimaka ya kai ni sabon fili.

Ya ce, "Ka hau jakarka ta kai ka."

Na ce, "Alhaji, ɗan Malam Tanko ne ba ya amsawa."

Ya san labarin, duk garinmu an sani. Ya zaro makulli ya ce yalla, mu tafi.

Tun daga nesa na ji abin da ba na so, wato ban ji komai ba. Janareta a kashe, ƙofar kwantena a buɗe, cikinta kamar tanda. Sabi'u yana kwance a ɗan siririn inuwar da ke gefe, takalmi a ƙafa, hula a kai. Na taɓa wuyansa, zafi rau, kuma ba ɗigon gumi a jikinsa. Idonsa a buɗe yake amma ba ni yake gani ba, yana ta gaya wa ubansa wai shanu sun shiga gona. Oba-oba ta mutu ba caji. Ga darduma a shimfiɗe, ga jakar da na haɗa masa a buɗe, da cajar waya da kwalbar turare a ciki. Gorunan biyu suna gefe ba komai, a gaban dardumar kuma ga alamar inda ruwa ya zuba a yashi. Daga baya ya gaya mini janareta tun ƙarfe tara ta tsaya, ya ƙi faɗa don kada a ce shi ya lalata ta, ya yi ta fama da ita a rana. Ruwan shansa ya ƙare, ya sha gora ɗaya. Da azahar ta yi ya ce ai motar canji na zuwa ƙarfe biyu, ya yi alwala da ta ƙarshe.

Na ji tsoro, irin wanda ban ji ba ko a gaban ɓauna. Amma hannu ya san aikinsa. Muka ɗauke shi muka sa a kujerar baya, Alhaji ya ƙure esi. Na sa almakashi na yanke rigar yunifom, na cire takalmin. Na fasa gora ta farko na tuttule masa daga kai har ciki. Ta biyu na jiƙa tsumma da hular Alhaji, na sa a wuya da hammata da matsematsi. Alhaji ya karɓi gora zai ɗura masa a baki, na riƙe hannunsa na ce a'a, wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ba shi, shaƙewa zai yi. Karo na biyu ke nan a wuni ɗaya da na hana shi ruwa. Wannan karon sitiyari kawai ya koma.

Ban san a-kori-kurar nan tana da gudu haka ba. Ina baya ina yi masa fifita da darduma ina yayyafa ta uku, wayata a cinya ina jiran layi ya dawo. Da ya dawo na kira motar asibiti da ɗan Turancina da ɗan Larabcina, muka yi da su mu haɗu a bakin kwalta. Kafin mu kai ya fara ƙifta ido, ya dube ni ya gane ni. Na fasa ta huɗu, na zuba ƙullin gishiri da sukari, na riƙa ba shi da murfin gorar kaɗan-kaɗan, yana haɗiyewa.

Ya ce, "Kawu, na bar get ba kowa."

Na ce, "Khalas, ya wuce. Ɓarawon da ya fito cikin ranar nan ya cancanci wayar shingen."

Kwanansa uku a asibiti. Likita ya faɗi abin da likitoci kan faɗa game da rabin awa, ban saurara sosai ba. Sufabaiza ya rubuta rahoto, a ciki har da rigar kamfani guda da aka yanka. Alhaji Sule bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba, ba mu ƙara tayar da zancen ba har yau. Sai dai in kun shiga motarsa anjima ku leƙa bayan kujera. Akwai gora huɗu a jere, ya sa alƙalami mai kauri ya rubuta a jikin kowace, BA NA ALWALA BA.

Amsar ta biyu ke nan, kai mai waya. Zaman kujera ne, gaskiyarka, wata goma sha ɗaya da kwana ashirin da tara.

Da kwantiragin Sabi'u ya ƙare na haɗa hutuna da tafiyarsa, muka hau jirgi ɗaya. Ban bar shi ya shiga gida shi kaɗai ba. Daga tasha muka wuce kai tsaye, ko gidana ban biya ba. Na yi sallama, aka shimfiɗa tabarma a inda aka saba, na zauna, jakar na gefena. Inna Rabi ta fito, ta tsufa, tana dafa bango. Ya riga ya gaya mata komai a waya tun yana gadon asibiti, har maganar Alhaji Sule da taimama.

Na ce, "Inna, ga shi nan."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta kama hannunsa ta juya, ta taɓa fuskarsa. Ta ce, "Ya rame."

Na ce, "Abincin can ne."

Ta juya ta shiga ciki. Na ɗauka an gama, har na fara laluben takalmina. Sai na ji an buɗe randa. Gidan cike yake da jikoki da surukai, ba wanda ta aika. Ita ta fito da kwanon sha a hannu biyu, ruwa na ɗan zuba a zaninta. Ta tsuguna da ƙyar ta aje a gabana. Shekara goma sha bakwai ke nan rabona da ruwan gidan.

Na ɗauka na yi bisimilla na shanye tas.

Ta ce, "In ƙaro?"

Na ce, "Ƙaro, Inna."